Patience, Motar Mai Kaji: Wace Iri Ce?

A cikin Cocorico Monsieur Poulet, fim ɗin da ya fito a 1974, matafiya huɗu ne suka bar Yamai zuwa ƙauye sayen kaji. Akwai Lam Ibrahim Dia mai fataucin, da Tallou Mouzourane yaron motarsa, da Damouré Zika wanda ya liƙe musu. Ta huɗunsu mota ce, sunanta Patience, wato Haƙuri. Jean Rouch ne ya riƙe kyamara. Su huɗun suka haɗa farkon sunayensu suka sa ma kansu Dalarouta.

Yau in aka nuna fim ɗin, sai ka ji matasa suna gardama. Wani ya ce Peugeot ce, don a wurinmu duk tsohuwar motar Faransa Peugeot ce. Wani ya ce Renault 4. Wani ma cewa yake ba wani kamfani da ya ƙera wannan abu, aikin maƙeran kasuwa ne. To, Citroën 2CV ce, irin mai akwati a baya ta ɗaukar kaya. Faransawa suna ce mata deux chevaux, dawaki biyu, kuma lissafin haraji ne wannan suna, ba ƙarfin inji ba.

Ga yadda ake gane ta. A fara da fitilu: na 2CV a tsaye suke waje, a kan sandar ƙarfe, kamar idon kwaɗo. Na Renault 4, wadda ta fito a 1961, a cikin fuskar motar suke. Sai a saurari kuka. Injin 2CV silinda biyu ne kawai, iska ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa, shi ya sa yake ƙara kamar injin niƙa. Sannan a dubi tafiyarta. In ta sha kwana sai ta kwanta gefe guda, ka ce yanzu za ta kife, amma ba ta kifewa. Peugeot 404 ko 504 ba sa wannan rangaji, kuma sun fi ta jiki nesa ba kusa ba.

An fara nuna 2CV a Paris a 1948, mai akwatin ta biyo baya a 1951, ta ƙarshe kuma ta fita daga masana'anta a Fotugal a 1990. Don manoman Faransa aka yi ta. Shugaban Citroën na lokacin, Pierre Boulanger, ya nemi motar da za ta ratsa gonar da aka yi ma huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Motar da aka ƙera don ƙwai, ga ta a bakin kogin Isa tana jigilar iyayen ƙwan.

Inda aikin yake da wuya shi ne shekara. Masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai suna da alamominsu. Murfin inji mai ƙananan layuka da yawa na kafin ƙarshen 1960 ne. Ƙofar gaba mai buɗewa ta baya, wadda hannunta ke wajen gaba, an daina ta wajen 1964. Fitila mai kusurwa huɗu sai 1974. Wannan duk daidai ne ga motar da ta tsufa a garejin mai ita cikin lulluɓi. Motar da ta yi aiki a Nijar kuwa, ƙofarta daga wata gawa aka ciro, murfinta daga wata, injin ma wataƙila na uku ne. Wanda ya dubi ƙofar Patience ya yanke mata shekarar haihuwa, shekarar ƙofar ya faɗa.

A ganina nan ne darajar fim ɗin take ga mai neman tarihi. An buɗe gadar Kennedy tun 1970, amma mutanen namu ba su bi ta kai ba. Sau uku motar ta ƙetare kogi, har da kwance ta gunduwa-gunduwa a sake ɗaurawa a wancan ƙetare. Mai kallo dariya yake, amma abin da yake gani gaskiyar 2CV ce: ba ta da nauyi, sassan jikinta da ƴan kusoshi suke riƙe, mutum biyu da sifana sun isa. Gwada haka da 404 ka gani. Kuma gaskiyar makanikan wancan zamani ce, waɗanda ba su jiran kayan gyara daga Faransa, waya da tsohuwar roba da dabara sun wadatar. Takardun gwamnati na shekarun Diori Hamani da Seyni Kountché ba su rubuta wannan ilimi ba. Fim ɗin ya ajiye shi.

Rouch ya rasu a watan Fabrairu 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Konni, a nan Yamai aka binne shi. Damouré ya bi shi a 2009. Makanikan da suka taɓa kwance injin 2CV da hannunsu ma ƙarewa suke. Wanda ke da irin wannan tsoho a unguwarsu, ya kai masa fim ɗin a waya, ya zauna kusa da littafi da biro, ya bar shi ya ji kukan injin tukuna kafin ya yi masa tambaya.