Daga Hanyar Gwanja zuwa Lissafin Ƙwayar Sammore

Tun kafin a gina kasuwar Arzèkè ta yau, garin Paraku zango ne na fatake. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su sauka Jugu, sannan su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja su saro goro. Bayan 'yan fashi, madugu yana da wani abin tsoro a bakin rafuka: ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa jaki da doki sammore, mutum kuwa ciwon barci.

A 1895 David Bruce ya nuna a ƙasar Zulu cewa wata ƙwayar cuta ce a jini ke kashe dabbobin, tsando ɗan aike ne kurum. Turawan mulki suka fuskanci abin da adda da gatari. A Anchau ta ƙasar Zazzau, daga 1937, aka sassare kurmin bakin rafi, aka tashi ƙauyuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Sanin cikin ƙwayar kanta kuwa sai daga baya.

A jini, ƙwayar ba ta da abinci sai sukari. Takan shigo da shi ta wata ƙofa a fatarta, ya bi ta hannun enzayim kamar goma, kowanne ya sauya masa kama ya miƙa wa na gaba, har a tatse ƙarfin da ke cikinsa. A 1977, a Amsterdam, Fred Opperdoes da Piet Borst suka gano cewa yawancin enzayim ɗin suna ƙunshe cikin wata 'yar jaka da jikin ɗan Adam ba shi da irinta. Sai fata ta taso: a toshe guda ɗaya, yunwa ta kashe ƙwayar. To, wanne?

Tsofaffin littattafai sun ce kowane jeri yana da mataki guda mafi nawa, shi ke riƙe da linzami. Henrik Kacser da Jim Burns a Edinbara, 1973, da Reinhart Heinrich da Tom Rapoport a Balin, 1974, suka rushe wannan da lissafi. Sun fara ne daga halin daidaito, wato kamar rumfar da kayan da ke shigowa cikinta daidai suke da masu fita: ciniki bai tsaya ba, amma tarin kayan ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. A wannan hali sai a tambaya: in an rage ƙarfin enzayim ɗaya da kashi 1 cikin 100, da nawa kwararar za ta ragu? Amsar ita ce rabonsa na iko. Suka tabbatar cewa in an haɗa rabon kowa, jimlar 1 ce cif. Ashe enzayim na iya zama dole, amma rabonsa ya kusa sifili, domin yana da rarar ƙarfi: a ɗan rage shi, ayari ya ci gaba da tafiya.

Barbara Bakker da Hans Westerhoff da abokan aikinsu suka ɗora wannan a kan ƙwayar sammore. A 1997 suka gina jerin duka a kwamfuta. A 1999 suka auna, suka tarar ƙofar shigar sukari ita kaɗai tana riƙe da 0.3 zuwa 0.5 na ikon. Enzayim ɗin da aka daɗe ana zato, irin su hekzokinez, lissafin ya nuna rararsu ta yi yawa. Masu neman magani da yawa sun daɗe suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce.

Gaskiya dai, ba wannan lissafi ne ya ceci mutanen Benin ba. Gwajin jini ƙauye-ƙauye da jinyar waɗanda suka kamu su suka yi aikin, har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar jama'ar ƙasar. Sammore kuwa yana nan cikin garkunan Fulanin Borgu.