Tseren Okpekpe: ƙaramin garin da gudu ya fito da sunansa

Okpekpe wani ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Etsako ta Gabas, cikin jihar Edo ta Najeriya, kusa da birnin Auchi. Gari ne na manoma, yana zaune bisa tudu, duwatsu da itatuwa sun kewaye shi. Can da, in ka ambaci sunansa ko cikin Najeriyar ma, ba kowa zai ce ya san shi ba. Yau kuwa masana gudu na duniya sun san shi, albarkacin tseren kilomita 10 da ake yi a can cikin watan Mayu.

An soma tseren a shekarar 2013, zamanin da Adams Oshiomhole ke gwamnan jihar. Mike Itemuagbor ne ya kawo shawarar, kamfaninsa Pamodzi ke shirya shi. Ana tasowa daga hanyar Apana, a ƙare cikin garin Okpekpe. Hanyar tana da hawa da gangara, shi ya sa ta fi ta fili wuya sosai.

A 2015 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba tseren lambar tagulla, ya zama na farko a Afirka ta Yamma da ya samu irin wannan shaida. A 2023 ya kai ga lambar zinare. A wannan shekarar ce ɗan Kenya Daniel Simiu Ebenyo ya gama cikin minti 28 da daƙiƙa 28, ya kafa sabon tarihi a hanyar. Ƴan watanni bayan haka ya zo na biyu a tseren mita 10,000 na gasar duniya a birnin Budapest. Galibi dai ƴan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, amma akan ware wa ƴan ƙasa nasu rabo.

To, me ake buƙata kafin a samu wannan lamba? Girman gari ba ya cikin lissafi. Sai ƙwararre ya auna hanya da keke mai na'urar ƙirga, don kada tsawon ya gaza. Sai an rufe hanya ga motoci da babura. Sai an tanadi wuraren shan ruwa, likitoci da motar asibiti, an kuma gwada ƴan tsere don gano masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Dole ne kuma a gayyato gwanaye daga ƙasashe daban-daban.

Nan Damagaram akwai abin lura. Muna da duwatsun Birni, da fadar Sarki, da garuruwa irin Mirriya mai lambuna, wadda ba ta kai kilomita 20 daga Zinder ba. Sai dai yanayinmu ba irin na Edo ba ne. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, gudu a irin wannan rana na iya kayar da mutum, har ya kai ga rasa rai. Duk mai niyyar shirya tsere a nan, ya nemi lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, a tashi da sassafe, kuma a tanadi ruwa da likita tun kafin a yi maganar kyauta.