Daga Gawa Zuwa Mai Rai: Tarihin Gano Ƙari a Zuciya

Shekaru aru-aru likitoci ba sa sanin akwai ƙari a zuciyar mutum sai bayan ya rasu an buɗe gawarsa. Tun a 1559 Realdo Colombo, masanin ƙirar jiki na ƙasar Italiya, ya bayyana irin wannan ƙari, amma ilmin bai amfani mai rai ba.

Dalili kuwa shi ne cutar takan ɓuya cikin rigar wasu cututtuka. Ƙarin iri biyu ne. Akwai wanda ke tsirowa daga zuciyar kanta, wanda ba safai ake samunsa ba, kuma kusan kashi 3 cikin 4 nasa ba sankara ba ne. Mafi yawa a jikin manya shi ne miksoma, mai zama a ɗakin sama na hagu. Sa'an nan akwai wanda ya yaɗo daga sankarar huhu, ko ta nono, ko ta fata, wanda ya ninka na farko yawa sau da dama.

Miksoma kan toshe mashigar jini, sai majiyyaci ya yi ta haki yana suma, har a ɗauka ƙofar zuciyar ce ta tsuke. Wani lokaci ya gutsure ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Wani lokaci kuwa zazzaɓi da rama kawai za a gani. Ƙarin da ya yaɗo yakan tara ruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya.

Al'amarin ya sake a 1954, lokacin da Clarence Crafoord na ƙasar Suwidin ya cire wa wata mata miksoma da taimakon injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, ta kuwa rayu. Daga nan gano cutar da wuri ya zama maganar ceton rai. A 1959 Effert da Domanig na Jamus suka gane ƙarin ta hanyar amon sauti, ba tare da an tsaga jiki ba. Har yanzu da wannan hoton sauti ake fara bincike, kafin a je ga MRI.

Saboda haka ƙarin da a dā sai a gawa ake ganinsa, yau ana cire shi mai shi ya koma gida da ƙafarsa, muddin dai likita ya yi tunaninsa, kuma asibitin na da na'urar dubawa.