Zawon Haƙori: Tarihin Ƙwayar Rota da Ɗigon da Ya Iso Mana a Makare

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, irin su Gumbin Kure, ya san abin da sanyin hunturu ke zuwa da shi. Lokacin da manoma suka duƙufa ga lambunan albasa, a cikin gida kuma yaro ɗan wata bakwai ko takwas zai tashi da zazzaɓi da amai, kashegari zawo ya tsinke masa kamar ruwa. Kafin kwana biyu idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa. Kaka za ta duba dasashinsa ta ce haƙori ne. Wani yaron ya miƙe bayan mako guda, wani kuma a kai shi makwancinsa, a ce kwana ya ƙare.

Kakanninmu sun lura da kyau, domin zawon yakan zo a watannin fitar haƙori. Abin da ya ɓuya musu shi ne dalili. Garkuwar da jariri ya gada daga jikin uwarsa tana raguwa daga wajen wata shida, daidai lokacin da ya fara rarrafe yana kai komai baki, kuma daidai lokacin da haƙoran farko ke hudowa. Haɗuwar lokaci ce ta sa aka ɗora wa haƙori laifi. Likitocin Turai ma sun daɗe cikin duhu. Har farkon shekarun 1970, yawancin zawon yara idan an kai shi ɗakin gwaji ba a ganin komai, saboda ana neman bakteriya ne, alhali mai laifin bairos ne, wanda ƙanƙantarsa ta fi ƙarfin madubin likita na yau da kullum.

A shekarar 1972 Albert Kapikian ya gano bairos ɗin da ya kwantar da ɗaliban wata makarantar firamare a garin Norwalk na Amurka a 1968, wanda yau ake kira noro. Shekara guda bayan haka, a 1973, Ruth Bishop da abokan aikinta a asibitin yara na birnin Melbon a Ostireliya suka sa ɗan yankin hanjin yara masu zawo a ƙarƙashin madubi mai aiki da lantarki, suka ga wata ƙwaya cunkushe a ciki. A 1974 Thomas Flewett na Ingila ya ba ta suna rota, wato ƙafar keke a harshen Latin, saboda siffarta.

Rota tana kama ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, waɗanda aikinsu tsotse ruwa da abinci, ta lalata su. Ruwa sai ya riƙa wucewa, amai kuma ya hana a mayar da abin da aka rasa. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Ƙwayar tana fita da yawan gaske a bayan gidan yaro, tana daɗewa a hannu da kwano da tabarma, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kama wani. Shi ya sa kusan kowane yaro a duniya, na birnin Landan da na Maiyama, yakan kamu kafin ya cika shekara 5. Bambancin yana wajen wanda zai samu ƙarin ruwa a kan lokaci. Ya kamata kuma a raba ta da kwalara, wadda muke kira amai da gudawa: kwalara bakteriya ce, ta fi ɓarkewa da damina, tana kayar da manya da yara. Rota a yankinmu ta fi tsanani a sanyin rani, kuma jarirai take bi. Maganin kashe bakteriya irin Flagyl da ake saye a kemis ba ya yi mata komai.

Makami na farko da aka samu shi ne ruwan gishiri da sukari. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya ga ledojin ƙarin ruwa sun ƙare masa ana tsakiyar kwalara, sai ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa ba su wannan haɗi ta baki. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya, zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka yayata shi a rediyo da asibitoci. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ba yaro ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Wannan ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, sai dai yaron da ke amai ba tsayawa yakan dawo da abin da aka ba shi. Dole a nemi rigakafi.

Na farko, mai suna RotaShield, ya samu izini a Amurka a 1998. Cikin shekara guda aka lura cewa wajen yaro ɗaya cikin 10,000 da aka ba wa yana samun naɗewar hanji, aka janye shi a watan Oktoban 1999. Ga Amurka, inda rota ke kashe yara 'yan goma a shekara, hukuncin yana da hujja. Ga Afirka da Asiya, inda aka ƙiyasta ta kashe yara fiye da 500,000 a shekarar 2000, ma'anarsa ita ce ƙarin jiran shekara bakwai, domin babu ƙasar da za ta karɓi abin da masu shi suka ƙi. Sai a 2006 RotaTeq da Rotarix suka fito, bayan an gwada kowannensu a kan jarirai fiye da 60,000.

Gwajin da aka yi a Afirka ya zo da wani darasi. A Afirka ta Kudu Rotarix ya rage zawon rota mai tsanani da kusan kashi 77 cikin ɗari, a Malawi kuwa da kusan kashi 49 kawai. Duk da haka, yawan yaran da ya tsare a cikin kowane ɗari ya fi yawa a Malawi, saboda can cutar ta fi yawa. Rabin babban tulu ya fi cikin ƙaramin kofi. A kan wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba dukkan ƙasashe shawarar sa shi cikin rigakafin yara a 2009. Afirka ta Kudu ta fara a shekarar, Sudan a 2011, Gana a 2012, Nijar a 2014.

Ƙasar Hausa ma tana da hannu a wannan tarihi. Daga 2014, a Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar bincike ta Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Nijar suka gwada wani rigakafi na kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda aka tsara ya jure zafi ko da firji ya yi gardama. Jarirai fiye da 3,500 aka bibiya, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna kariya ta kusan kashi 67 cikin ɗari. Iyayen Madarunfa da suka amince aka ɗiga wa 'ya'yansu sun yi wa yaran ƙasashe da yawa aiki.

Nijeriya ta jira har 22 ga Agustan 2022, lokacin da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta ƙaddamar da shi, aka kuma fara da jihohin Arewa, har da Kebbi. Shekara 13 ke nan bayan shawarar Hukumar Lafiya, kuma shekara 8 bayan maƙwabciyarmu Nijar. Domin a fahimci tsadar wannan jira: ƙiyasin 2013 ya nuna rota ta kashe yara kusan 215,000 a duniya, kashi 14 cikin ɗari a Nijeriya, wato kusan 30,000 a shekara guda. Indiya ce kaɗai ta fi mu. Wanda aka zaɓa mana shi ne Rotavac na kamfanin Bharat Biotech, wanda asalinsa wani nau'in rota ne mara ƙarfi da likita M. K. Bhan ya lura da shi a jikin jarirai a wani asibitin Delhi a shekarun 1980. Ɗigo ne a baki, sau uku: a mako 6, mako 10, da mako 14 na haihuwa, rana ɗaya da allurar Penta da ɗigon shan inna, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A nan matsalarmu take. Rigakafin rota ba a bin gida gida da shi kamar yadda aka yi da na shan inna. Sai uwa ta kai jaririnta asibiti sau uku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na yaran Nijeriya ne suka kammala rigakafin farko, a Sakkwato kashi 5, Kebbi ma tana cikin na ƙarshe. Dalilan sanannu ne: nisan asibiti, rashin izinin maigida, ma'aikacin da ba a same shi ba, da kuma zargin da ya samo tushe daga gwajin Trovan a Kano a 1996 da dakatar da ɗigon shan inna a 2003. Wancan zargi ya lafa ne sa'ad da sarakuna da malamai suka shiga gaba, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, har aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna ta daji a Agustan 2020.

Akwai kuma maganar kuɗi. Ƙungiyar Gavi ce ke tallafa wa sayen rigakafin, kuma yarjejeniyar da aka tsawaita da Nijeriya ta tsaya ne a 2028. Bayan nan nauyin zai dawo kan kasafinmu, kuma masu karatu irinmu ne ya kamata su riƙa tambayar gwamnatoci ina tanadin da aka yi.

Yaron da aka yi wa ɗigon yana iya yin zawo daga wata ƙwayar, don haka ruwan gishiri da sukari da zinc da ci gaba da shayarwa suna nan daram. Amma jaririn da aka haifa da kaka a Gumbin Kure, idan an kai shi sau ukun nan, zai shiga hunturunsa na farko da kariyar da yayyensa da aka haifa kafin 2022 ba su samu ba. Idan ka je gida ganin dangi, ka nemi katin rigakafin jaririn gidan, ka duba layin rota, ka ƙirga ko sun cika uku.