Baƙin Murabba'i da Bakan Gizon Zariya

A Disambar 1915, a birnin Petrograd na Rasha, Kazimir Malevich ya baje kolin zanen baƙin murabba'i bisa farin fili, babu surar komai. Turai ta ɗauki wannan juyin juya hali. Amma kusan shekara 80 kafin nan, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ya ƙawata ginshiƙai da bakan gizonsa da siffofi zalla, domin ba a sa sura a masallaci.

An tsare Malevich a 1930, ya rasu a 1935, amma zanensa na adane a Mosko. Aikin Durugu kuwa na laka ne. Daga baya an killace ragowarsa a cikin sabon gini, irin adonsa a gidajenmu kuma siminti na ta cinye shi.