Daga Takarda Zuwa Majigi: Tarihin Amanar Labari a Hannun Masu Fim

Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara nuna wa jama'a sinima a birnin Paris a shekarar 1895, masu wannan sana'a suke zuwa rumbun marubuta suna ɗibar iri. Dalili kuwa a fili yake, domin labarin da ya karɓu a takarda yakan zo da masoyansa. To, amma tun daga wancan zamani ake ta gardama a kan abu guda, watau ko fim yakan riƙe amanar littafin da ya haife shi. Wannan gardama ta wuce ta malaman adabi kawai. A ƙasar da masu kallo suka ninka masu karatu, abin da majigi ya nuna shi ne zai zauna a zukatan mutane a matsayin labarin, ko da kuwa marubucin bai faɗi haka ba. Wannan lacca za ta bi tarihin al'amarin daga Amurka zuwa Afirka ta Yamma, ta dubi hannuwa uku da sukan riƙe almakashi: na darekta, da na mai kuɗi, da na hukuma.

Alƙalami da Kyamara

Da farko ya kamata a yarda cewa babu fim ɗin da zai ɗauki littafi ɗungurungum. Ƙagaggen labari mai shafi ɗari uku yakan ci kwanaki ana karatunsa, fim kuwa sa'a biyu ne ko kusa da haka. Alƙalami yana shiga zuciyar tauraro ya faɗi abin da yake saƙawa, kyamara kuwa fuska da motsi take gani. Saboda haka yanka dole ne. Abin tambaya shi ne, wa ya yanka, me ya yanke, kuma don me? Masana adabin Hausa sun saba rarrabe jigo da zubi. Idan an taɓa zubi aka bar jigo da ransa, labari bai mutu ba. Idan kuwa an jera dukan abubuwan da suka faru daki-daki amma aka juya manufarsu, to an tsare gangar jiki ne an saki kurwa.

Almakashin Mai Kuɗi

Misali mafi shahara a tarihin sinima shi ne na fim ɗin Greed. A shekarar 1899 Frank Norris ya wallafa McTeague, labarin wani mai cire haƙori a San Francisco wanda matarsa ta ci dala 5,000 a caca, kuɗin suka zama sanadin halakar gidan. Erich von Stroheim ya ƙudura niyyar mai da littafin fim ba tare da ya zubar da kome ba. Ya ɗauki hoto a titunan birnin na ainihi, ya kuma kai 'yan wasansa cikin hamadar Death Valley a tsakiyar zafi, inda labarin ya ƙare da McTeague ɗaure da ankwa a jikin gawar abokinsa. Abin da ya fara haɗawa ya kai naɗi 42, kallon kusan sa'a tara, mutane ƙalilan ne kuma suka gan shi a farkon 1924. Shi da kansa ya rage shi zuwa naɗi 24, aka sake ragewa zuwa 18, daga ƙarshe kamfanin MGM ya mai da shi naɗi 10 ya fitar a watan Disamba na shekarar.

Abin da aka zubar ya haɗa da ƙananan labarai biyu da aka saƙa a gefen babban labarin: na wasu tsofaffi biyu masu son juna ba don abin duniya ba, da na wani ɗan gwangwan da kwaɗayin zinariya ya haukata. Waɗannan su ne ma'aunin da mai karatu yake auna McTeague da matarsa da shi. Da aka cire su sai labarin ya koma na gida ɗaya, alhali da na unguwa ne gaba ɗaya. An lalatar da abin da aka yanke. A 1999 an yi ƙoƙarin cike gurbin da hotuna marasa motsi, aka sami kallon kusan sa'a huɗu, amma wannan kwatance ne kurum. Duk da haka akwai darasi ta ɗaya gefen, domin fim mai sa'a tara babu gidan sinimar da zai iya nuna shi. Biyayyar da ta hana labari isa ga mai kallo ita ma tana da nata laifi.

Labarin The Magnificent Ambersons ya ƙara rikita lissafi. Orson Welles ya ɗauko shi daga littafin Booth Tarkington na 1918, ya haɗa fim mai minti 131. Yana ƙasar Brazil a 1942 kamfanin RKO ya rage shi zuwa minti 88, ya kuma sa aka ɗauki sabon ƙarshe mai faranta rai. Abin mamaki, wannan ƙarshe na sulhu da kamfani ya liƙa ya fi kusa da na littafin a kan wanda Welles ya tsara. Amma da wuya a sami mai nazari da zai ce shi ya fi dacewa da fim ɗin, domin duk abin da ya gabace shi hoton rushewar gida ne da shuɗewar zamani. Ke nan kusanci da harafin littafi bai isa shaidar nagarta ba.

Haka nan Blade Runner na Ridley Scott, wanda ya fito a 1982 daga littafin Philip K. Dick na 1968. Masu kuɗi sun sa an ɗora muryar mai ba da labari da ƙarshe mai daɗi. A 1992 aka cire su, a 2007 kuma darektan ya fitar da nasa tsarin na ƙarshe. Sake yankan ya gyara fim ɗin, amma bai mai da shi ga littafin ba: matar tauraron, da tunkiyar lantarkin da yake kiwo, da addinin da mutanen littafin suke bi, babu su a ko ɗaya daga cikin ukun. Sake yanka yakan dawo da nufin darekta ne, nufin marubuci kuwa wani abu ne dabam.

Afirka: Marubuci a Bayan Kyamara

A Afirka ta Yamma tarihin ya ɗauki wata hanya, domin wanda ake kira uban sinimar Afirka marubuci ne tun asali. Usman Samben na Senegal ya lura cewa littattafansa da Faransanci suke, mutanen da yake rubutu a kansu kuwa yawancinsu ba sa karanta shi. Sai ya koyi aikin fim a Mosko. A 1968 ya mai da gajeren labarinsa Le Mandat fim mai suna Mandabi, labarin Ibrahima Dieng da aka aiko wa takardar kuɗi daga Paris ya kasa karɓa don ba shi da katin shaida. Ya ɗauke shi da harshen Wolof, ya kuma yi wani da Faransanci. A nan fim ya yi wa labarin hidimar da takarda ta kasa, ya mai da shi bakin masu shi.

Xala, wanda ya fito a littafi a 1973 ya zama fim a 1975, ya fi wannan nuna fa'idar majigi. Labarin wani attajiri ne, Alhaji Abdu Kader Beye, da aka ɗaure wa mazakuta a daren aurensa na uku. A littafi kowa da Faransanci yake magana, sai dai marubuci ya shaida wa mai karatu harshen da aka yi amfani da shi. A fim kuwa kunne yana ji 'yarsa Rama tana yi masa Wolof yana mayar mata da Faransanci, jigon littafin ke nan a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Amma a nan ne hannu na uku ya shigo. Hukumar Senegal ta yanke kimanin wuri goma kafin ta yarda a nuna shi, galibi wuraren da suka taɓa dangantakar sababbin shugabanni da Faransa. Mai kuɗi tsawo yake ragewa don ciniki, hukuma kuwa haƙoran labari take cirewa.

Nijeriya ma ta ga irin nata. Wasan Wole Soyinka, Kongi's Harvest, ya zama fim a 1970 a hannun Ossie Davis, Soyinka ne ya rubuta tsarin fim ɗin, shi ne kuma ya fito a matsayin Kongi. Duk da haka da aka gama haɗawa ya fito fili ya barranta da shi, don abin da aka nuna ya saɓa wa abin da ya rubuta. A 2014 kuma hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta jinkirta nuna Half of a Yellow Sun, wanda Biyi Bandele ya ɗauko daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie a kan yaƙin basasa, daga watan Afrilu har zuwa Agusta, sai da aka yi masa gyare-gyare.

Ƙasar Hausa

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafai biyar da gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Hanyarsa zuwa majigi hawa biyu ce. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fara mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya ɗauke shi fim da Hausa a 1976, mai tsawon minti 142, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977.

Fim ɗin ya riƙe ƙashin bayan littafin, watau malami a gaban almajiransa suna tambayarsa asalinsa yana ba su labari: sace shi yana yaro, da tafiyarsa ƙetaren hamada tare da Balarabe Abdulkarim, da wahalar uwarsa da ta fita nemansa ta faɗa bauta. Riƙe wannan zubi ba ƙaramin abu ba ne, domin da an zubar da shi da labarin ya koma tarin hatsarori kawai. Muryar dattijon da ya yi tawakkali ita ce take ba wahalhalun ma'ana. Sai dai hoto yana da nasa nauyi. Abin da littafi zai faɗa a layi biyu cikin sanyin murya, kamar sayar da mutum ko ratsa rairayi da ayari, dole kyamara ta sa masa fuska da jiki, mai kallo ya gani da idonsa. Ta haka fim yakan fito da zafin da alƙalami ya lulluɓe, ba tare da ya ƙara kome a labarin ba.

Abin da ya sami wannan fim daga baya ya fi kowane almakashi muni, domin ɓata ya yi shekaru da dama. Sai a 2016 aka gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Zuriya guda ta tashi tana karanta littafin a makaranta ba ta taɓa ganin fim ɗinsa ba.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, Abdullahi Mamani ya rubuta Sarraounia da Faransanci a 1980, a kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo na Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. An so ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso. Sakamakon haka Sarauniyar Aznan ƙasar Hausa ta isa duniya ba da Hausa a bakinta ba. Fim ɗin ya tsare jigon turjiya ga mulkin mallaka, ya kuma kai sunanta inda littafin bai kai ba, amma an biya kuɗin wannan nasara da harshe.

Kammalawa

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ma'auni uku. Na farko, a duba ko jigo ya tsira, kada a tsaya ƙirga abubuwan da aka zubar. Na biyu, a duba ko fim ya yi amfani da abin da shi kaɗai yake da shi, watau murya da fuska da harshen mutane, kamar yadda Samben ya yi. Na uku, a tambayi hannun da ya riƙe almakashi, domin yankan darekta yakan zama fassara, na mai kuɗi ciniki, na hukuma kuwa tsoro. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka fara mai da littattafansu fina-finan bidiyo, wannan tambaya ta zama ta cikin gida. Wajibi ne jami'o'i su riƙa karantar da littafi da fim ɗinsa gefe da gefe, ma'ajiyoyi kuma su adana asalin abin da aka ɗauka kafin a yanka. Littafin Norris yana nan ana bugawa, naɗi 32 na Stroheim kuwa sun tafi ke nan. Shaihu Umar ya yi sa'a an tsince shi, ba kowane fim ne zai yi irin wannan sa'a ba.