Ganuwar Kano da Ma'aunin Adalci

Wanda ke son sanin yadda Kanawan dauri suka fahimci adalci, ya fara duba ganuwa kafin ya leƙa fada. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma gina ta, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗawa. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya shigo birnin a 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu yawa a cikinta, ga Dala, ga Gwauron Dutse. An bar wannan fili ne domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, a samu wurin shuka, mutanen ƙauye kuma su shigo da dabbobinsu. Ramukan da aka haƙi ƙasar tubali su suka zama kududdufai. Damina ta cika su, magini ya ɗiba, mai jaki ya shayar, ba mai tambayar wani izini.

Wannan tarayya ita ta haifi tunanin cewa abin da ke hannun sarki amana ce. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma shi ne Shehu Maghili ya rubuta wa littafi a kan wajiban sarakuna, inda ya ware babi kan tara dukiya ta halas, da wani kan kashe ta a maslahar jama'a.

Wani zai ce ai da gumin bayi da aikin tilas aka ɗaga ganuwar, sarakuna kuma sun sha cin amanar. Gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Amma a duba abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tuhumi sarakunan Hausa da shi a Kitabul Farƙi: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, da ɗibar kayan 'yan kasuwa ba biya. Da talakawa sun ɗauki kasuwa da makiyaya a matsayin gadon sarki, da wannan tuhuma ba ta motsa kowa ba a jihadin da ya soma a 1804. Ta samu shiga ne domin makiyayi da ɗan tireda sun riga sun san suna da haƙƙi a abin da ake ƙwace musu, sun kuma yarda cewa sarkin da ya taɓa shi ya yi zalunci.